Alexandra David-Néel: Bafaranshiyar da ta shiga Lhasa a ƙasa cikin shigar mabaraciya

A farkon shekarar 1924 wata tsohuwa mai tsummokara ta shiga birnin Lhasa na ƙasar Tibet tare da wani saurayi da take kira ɗanta. Ba wanda ya gane cewa Baturiya ce, a lokacin da aka haramta wa baƙi shiga birnin. Sunanta Alexandra David-Néel, tana da shekara 55, kuma ita ce mace ta farko daga Turai da ta taka wannan birni.

An haife ta ranar 24 ga Oktoba 1868 a Saint-Mandé kusa da Paris. Ta yi sana'ar waƙa a gidajen wasa har zuwa Hanoi da Tunis, inda ta auri injiniyan jirgin ƙasa Philippe Néel a 1904. A 1911 ta tafi Indiya da niyyar yin wata 18, amma sai bayan shekara 14 ta dawo.

Shekarun nan ba a banza suka wuce ba. Ta gana da Dalai Lama na 13 a 1912, sannan ta keɓe kanta a tsaunukan Sikkim tana koyon harshen Tibet da addinin Buda. A can ta haɗu da Aphur Yongden, yaro ɗalibin addini, wanda daga baya ta mayar ɗanta a hukumance. A 1916 ta tsallaka zuwa Shigatse ba da izini ba, Turawan Ingila suka kore ta daga Sikkim. Ba ta karaya ba: ta bi ta Japan da Koriya da Sin, ta zauna kusan shekara uku a gidan ibada na Kumbum.

A ƙarshen 1923 ita da Yongden suka tashi daga lardin Yunnan. Dabararsu ita ce su bi hanyar masu ziyarar ibada da ke zagaye tsaunin Kawa Karpo mai tsayin mita 6,740, don kada a yi zarginsu, daga nan su karkata zuwa Lhasa. Ta shafa gawayi da garin koko a fuska, ta rina gashinta da tawada, ta ɓoye kuɗi da ƙaramar bindiga a cikin tufafi. Da farko dare suke tafiya. Sun yi wajen wata huɗu suna ratsa mashigan tsaunuka cikin dusar ƙanƙara, suna kwana a ɗakunan talakawa, suna cin garin sha'ir da shayi mai man shanu.

Abin da ya tsare su shi ne harshe da sanin al'ada. Mutanen ƙauye na neman Yongden ya yi musu addu'a ko duba, su ba shi abinci, ita kuwa ta rakuɓe gefe kamar uwa matalauciya. Da ta yi kuskure ɗaya, da an kama su an mayar da su iyaka. Shi ya sa tarihin tafiyar ba ya cika in ba a ambaci Yongden ba, ko da yake sunanta duniya ta fi riƙewa.

Sun yi wata biyu a Lhasa, suka fita ta Gyantse zuwa Indiya. Littafin da ta rubuta kan tafiyar ya fito a 1927, ya sa ta yi suna. Ta zauna a garin Digne na kudancin Faransa, ta sake komawa Sin daga 1937 zuwa 1946. Yongden ya rasu a 1955.

Tana da shekara 100 ta sabunta fasfonta. Ta rasu ranar 8 ga Satumba 1969, kuma a 1973 aka zuba tokarta tare da ta Yongden a kogin Ganges.