Tarihin Shinran, Malamin Ƙasar Japon da Ya Sauko daga Dutse

Cikin manyan malaman addinin Buda na ƙasar Japon, da wuya a sami wanda koyarwarsa ta shiga gidajen talakawa kamar Shinran. An haife shi cikin shekara ta 1173 a Hino, kusa da birnin Kiyoto, inda fadar sarkin ƙasar take a wancan zamani. Ubansa, Hino Arinori, ƙaramin bafade ne daga wani reshe na zuriyar Fujiwara. Rayuwar Shinran gaba ɗaya ta tafi ne a kan tambaya guda: shin mutum yana iya wanke zuciyarsa da ƙoƙarin kansa, ko kuwa sai wani ya yi masa jinƙai?

Domin mai karatu ya gane nauyin wannan tambaya, sai a koma baya kaɗan. Buda, wato Sidarta Gotama, wanda ya rayu a arewacin Indiya wajen ƙarni na 5 kafin miladiyya, ya koyar cewa tushen wahala shi ne kwaɗayi. Maganinta kuwa hanya ce mai rassa 8, wadda ta tattara kyawun hali, da natsuwar hankali, da fahimta. Aikin malami shi ne nuna hanya, amma tafiyar ta almajiri ce. Daga baya wasu littattafai suka bi ta ƙasar Sin zuwa Japon, ɗauke da labarin wani Buda mai suna Amida, wanda ya ɗauki alkawari 48. Na 18 shi ne cewa duk wanda ya dogara gare shi, ya kira sunansa, za a sake haihuwarsa a Ƙasa Mai Tsarki, inda babu abin da zai hana shi kai wa ga hasken zuciya. Mabiyansa ba su ɗauke shi mahaliccin duniya ko mai hisabi ba. Mai tausayi ne wanda ya ba wasu ladan aikinsa. Mutanen Japon suna kiran hanya ta farko jiriki, wato ƙarfin kai, ta biyu kuma tariki, wato ƙarfin wani.

Cikin shekara ta 1181 aka aske wa Shinran kai, ya shiga zuhudu, yana da shekara 9 bisa ƙidayar mutanen ƙasar. Lokaci ne na tashin hankali. Gidajen Taira da Minamoto suna yaƙin neman mulki, ga kuma yunwa ta faɗa wa Kiyoto har gawawwaki suna zube bisa hanya. Malamai da yawa sun gaskata cewa tun shekara ta 1052 duniya ta shiga zamanin lalacewar addini. Aka kai yaron dutsen Hiyei, babbar cibiyar ɗariƙar Tendai, wadda ke arewa maso gabas da birnin. Nan ya yi shekara 20 yana karatu, yana kiyaye dokoki, yana cikin masu ibadar da ake kewaya siffar Amida ana kiran sunansa dare da rana.

Duk da haka bai sami natsuwar da ya je nema ba. Da ya duba zuciyarsa, sai ya tarar fushi da sha'awa da son yabo suna nan inda suke. Abin da ya fi tada masa hankali shi ne yadda ibadar kanta take haifar da girman kai, mai yin ta yana ƙirga aikinsa kamar ɗan kasuwa. Cikin shekara ta 1201 ya sauko daga dutsen, ya shiga halwar kwana 100 a wani gidan ibada na Kiyoto mai suna Rokkakudo. Da asubar kwana na 95 ya yi mafarkin da ya sa ya tafi wurin Honen, wani tsohon malami wanda shi ma ya baro Hiyei. Kwana 100 ya yi yana zuwa sauraronsa, ko ana ruwa ko ana rana. Honen yana koyar cewa a irin wannan zamani kiran sunan Amida kaɗai, abin da suke kira nembutsu, ya ishi kowa, malami ko jahili, namiji ko mace. Shinran ya miƙa wuya, kuma cikin 1205 malamin ya yarda masa ya kwafi babban littafinsa, abin da ƴan kaɗan ne suka samu.

Manyan gidajen ibada na Hiyei da Nara ba su ji daɗi ba. A ganinsu, wanda ya ce dokoki ba su ne ke kawo tsira ba, ya buɗe ƙofar ɓarna. Suka kai ƙara fada. Ana cikin haka wasu mata biyu na fadar Go-Toba, sarkin da ya yi murabus amma yana riƙe da iko, suka shiga zuhudu a hannun almajiran Honen ba da izninsa ba. Cikin 1207 aka haramta koyarwar, aka kashe almajirai 4, aka kori Honen zuwa tsibirin Shikoku. Shi kuwa Shinran aka tuɓe masa rigar zuhudu, aka ba shi sunan mutanen gari, aka tura shi Ecigo, lardin da ake kira Nigata a yau, ƙasar sanyi da dusar ƙanƙara. An yafe masu cikin 1211, amma Honen ya rasu cikin 1212 ba su sake saduwa ba.

Tun daga korar nan Shinran ya ɗauki kansa shi ba ɗan zuhudu ba, ba kuma mutumin gari ba, ya raɗa wa kansa suna Gutoku, wato wawa mai ƙwaryar kai. Ya auri wata mata mai suna Eshinni, suka haifi ƴaƴa, yana cin nama da kifi kamar kowa. Cikin 1214 ya tashi da iyalinsa zuwa yankin Kanto, a gabashin ƙasar, inda ya yi kimanin shekara 20 cikin manoma da masunta da mafarauta. Waɗannan mutane ne da sana'arsu ta tilasta masu kashe rai, saboda haka aka saba gaya masu ba su da rabo. Shinran ya ce da su alkawarin Amida tun farko domin irinsu aka yi shi, kamar yadda mai ceto a kogi yake fara kama wanda bai iya iyo ba. Bai yarda a kira su almajiransa ba, abokan tafiya yake ce masu.

A nan ne ya wuce malaminsa. Wasu mabiya Honen suna ƙirga yawan kiran sunan, har dubbai a yini. Shinran ya ce wannan ma ƙarfin kai ne ya sake shigowa ta taga. A wurinsa bangaskiyar kanta kyauta ce daga Amida, kiran sunan kuwa godiya ce ta wanda aka riga aka karɓa. Ya zuba wannan ra'ayi cikin littafinsa mai babi 6, Kyogyoshinsho, wanda yake aikinsa tun wajen 1224. Amma shi kansa bai rabu da tsohon hali cikin sauƙi ba. A hanyarsa ta zuwa Kanto ya ƙudura karanta littattafai 3 na Amida sau 1,000 domin amfanin jama'a, sai bayan kwana 4 ko 5 ya gane ya koma dogara ga aikinsa, ya daina. Bayan shekara 17, cikin 1231, zazzaɓi ya kwantar da shi, ya sami kansa yana ta maimaita karatun nan a zuci. Da ya farfaɗo ya gaya wa matarsa irin wuyar da ke akwai wajen sakin dogaro da kai.

Ya koma Kiyoto yana da shekara 60 da ƴan kai, ya shiga rubuta waƙoƙin addini cikin harshen da talaka yake ji. A bayansa kuwa abin da abokan gaba suka yi tsoro ya fara aukuwa. Wasu a Kanto suka ce tunda mai laifi ne aka fi nufi da ceto, sai a yi laifin da gangan. Shinran ya rubuta masu yana tsawatawa, yana nuna masu wautar shan guba don kawai akwai makari. Ya aika ɗansa Zenran ya sasanta su, sai ɗan ya ƙara dagula lamarin, ya yi da'awar cewa ubansa ya koya masa wani asiri da dare shi kaɗai. Tsohon ya ga idan ya yi shiru, hanyar da ya ce ta kowa ce za ta zama gadon gida guda. Cikin 1256, yana da shekara fiye da 80, ya rubuta takardar yanke zumunta da ɗan nasa.

Ya rasu ranar 16 ga watan Janairu 1263, ƴarsa ƙarama Kakushinni tana kusa da shi. Jikokinsa sun ruwaito cewa ya so a jefa gawarsa kogin Kamo kifaye su ci, amma aka ƙone ta bisa al'ada. Cikin 1272 aka gina masa hubbare a Otani, wanda ya zama gidan ibada na Honganji. Rennyo, shugaba na 8 daga zuriyarsa, ya yaɗa ɗariƙar cikin ƙarni na 15, kuma har yau Jodo Shinshu tana cikin mafi girman ɗariƙun Buda a Japon. Da masu wa'azin Katolika suka iso ƙasar cikin ƙarni na 16, sun yi mamakin kamar da koyarwar ta yi da ta Martin Luta, wanda aka haifa shekara 220 bayan rasuwar Shinran.

Hanyar ƙoƙarin kai ma ba ta mutu ba. Dogen, wanda ya yi zamani da Shinran kuma shi ma ya baro Hiyei, ya kafa gidan Eiheiji cikin 1244, inda har yanzu ƴan zuhudu suke tashi tun kafin asuba su zauna shiru suna horon zuciya. Shi kuwa Shinran, da yake bai kafa gidan ibada ba, bai riƙe muƙami ba, wasu masana sun taɓa shakkar ko ya rayu ma. Sai cikin 1921 aka gano wasiƙu 10 na matarsa Eshinni a ma'ajiyar Nishi Honganji. Daga cikinsu ne aka san aikin da ya yi a Hiyei, da halwar kwana 100, da zazzaɓin 1231.