FADA GREGOR MENDEL: ƊAN ZUHUDU MAI ƘIDAYAR WAKE

Mun san 'yan zuhudun Waliyyi Agustin ta wurin aikin bisharar da suka yi a Yola da Maiduguri. A wannan fitowa za mu tuna da wani ɗan'uwansu wanda manoman duniya ke cin moriyar wahalarsa, wato Fada Gregor Mendel.

An haife shi a shekara ta 1822 a wani ƙauye na Daular Ostiriya. Mahaifinsa ƙaramin manomi ne, kuma a wurinsa ya koyi auren itatuwa. Ya shiga gidan zuhudu na Waliyyi Toma a birnin Brno a 1843, aka keɓe shi firist a 1847. Aikin Ikilisiya ya yi masa nauyi, domin ganin wahalar marasa lafiya yakan kwantar da shi. Sai shugabansa ya tura shi koyarwa, daga baya kuma Jami'ar Biyana. Sau biyu ya zauna jarrabawar zama cikakken malami, bai samu nasara ba.

Daga 1856 zuwa 1863 ya duƙufa a lambun gidan zuhudu, yana barbarar furannin waken Turawa da hannunsa, yana ƙidaya abin da ya fito. Da ya haɗa dogon iri da gajere, 'ya'yan farko duk dogaye suka fito. Amma a cikin jikoki gajeren ya sake ɓullowa, kimanin ɗaya cikin huɗu. Ta haka ya gane cewa halin da aka gada ba ya narkewa, ɓuya yake yi har ranar bayyanarsa.

Wannan ka'ida ce jagorar masu ƙirƙiro sababbin irin itatuwa a yau. Akwai ɗan itacen da ake kira fich, wanda ake nomawa a manyan lambunan Sin da Turai da Amurka. Gashin da ke bayansa yakan rinjayi santsi, farin nama kuma yakan rinjayi rawaya. Da yake itacen na ɗaukar shekaru kafin ya yi 'ya'ya, sanin wannan tun kafin barbara yana rage wa mai lambu asarar shekaru da dukiya.

Fada Mendel ya buga sakamakonsa a 1866, masana ba su kula ba. An zaɓe shi shugaban gidan zuhudu a 1868, hidimar jama'a da gardamar haraji da hukuma suka cinye lokacinsa. Ya rasu ran 6 ga Janairu, 1884. Sai a 1900 masana uku suka farga da darajar aikinsa.

Mu da ke hidima inda ba mai yabo, katikis a ƙauye ko malama a aji, bari mu riƙe aikinmu da aminci kamar yadda ya riƙe nasa. Allah ya ba shi hutawa ta har abada. Amin.