Hasan Fathi, Gwanin Maginan Masar

An haifi Hasan Fathi a birnin Iskandariyya, bakin Bahar Rum, ran 23 ga watan Maris 1900. Ubansa mai arziki ne, yana da gonaki a karkara, amma ba ya son zaman ƙauye, bai kuwa yarda 'ya'yansa su riƙa zuwa can ba. Yaron ya tashi a birni, ya yi karatu a Alkahira, ya fita daga makarantar injiniyoyi cikin 1926 da takardar shaidar ilmin tsara gini. Abin da aka koya masa duka irin na Turai ne, watau gini da suminti da ƙarfe da ƙonannen bulo.

Yana da shekara 27 kafin ya taka wata gonar gidansu da ke kusa da Talkha. Abin da ya gani can ya tsaya masa a rai. Manoman da ke noma wa ubansa suna kwana cikin 'yan ɗakuna masu duhu, ba taga, ba makewayi, su da dabbobinsu wuri guda, hayaƙin murhu ya turnuƙe ko'ina. Ya lissafa kuɗin gina musu gidaje irin waɗanda ya koya a makaranta, ya ga ko Gwamnati ba ta da wannan kuɗi, balle manomi. Sai hankalinsa ya koma ga ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafar manomin, wadda ba saye ya ke yi ba. Cikin 1937 ya baje wasu zane-zanen gidajen ƙasa a garin Mansura don jama'a su gani, aka yaba, amma ba a sami masu cewa a gina musu ba sai 'yan kaɗan.

Da Yaƙin Hitila ya tashi, katako da ƙarfe suka yanke wa Masar, domin daga waje a ke kawo su. To, tayar da bango da ƙasa ba wuya, kowane manomi ya iya. Rufi shi ne abin, don ƙasar ba ta da itacen kirki. Cikin 1941 Fathi ya gwada rufa wasu ɗakuna a Bahtim, kusa da Alkahira, da tubali zalla, rufin ya rufto. Sai ya sami labarin cewa mutanen Nuba, can kudu wajen Aswan, suna rufa ɗaki ba tare da ko sanda guda ba. Ya shiga jirgin ƙasa ya tafi, ya ga abin da idonsa, ya komo da magina daga can.

Dabararsu ta isa a tsaya a bayyana ta. Maginanmu na Hausa in za su yi daurin guga sai sun sa azara cikin bakan, su ɗaure, sa'an nan su lulluɓe da ƙasa. Na Nuba kuwa ba ruwansu da azara. Sukan ɗaga bangon ƙurya ya fi sauran tsawo, su zana siffar baka a jikinsa da laka, sa'an nan su riƙa manna tubali a kan zanen. Tubalin nasu mai kusurwa huɗu ne, siriri, maras nauyi, an cika masa karan alkama, an kuma ja masa layi da yatsa don laka ta kama. Ba a miƙe su ke jera shi ba, a kishingiɗe, sahun farko ya jingina da bango, na biyu ya jingina da na farko, haka har ƙofar ɗaki. Kowane sahu wanda ya riga shi ne madogararsa. Magina biyu sukan rufe ɗaki cikin kwana ɗaya da rabi. Wannan sana'a tsohuwa ce ƙwarai: rumbunan hatsin da ke bayan haikalin Fir'auna Ramsis na Biyu, a yammacin Luksor, da irin wannan rufi aka yi su, ga su nan tsaye yau fiye da shekara 3,000.

A gefen waɗannan rumbuna ne babban aikin rayuwarsa ya same shi. A jikin dutsen da ke hayin Kogin Nilu, daura da Luksor, akwai kaburburan fadawan Fir'aunoni, a kan kaburburan kuwa akwai wani ƙauye, Gurna, mai mutum wajen 7,000. Mutanen sun gina gidajensu a bakin ramukan, waɗansu ma sun mai da su ɗakunan ajiya. Waɗansu na aikin haƙa a hannun masu binciken tarihi, waɗansu na sayar wa baƙi 'yan kayan tsaraba, an kuma daɗe ana zargin waɗansu da tonon kaburbura a ɓoye. Da aka wayi gari an yanke wani sassaƙen dutse sukutum daga jikin wani kabari an tafi da shi, Hukumar Kayan Tarihi ta ce sai an ta da garin. Cikin 1945 ta danƙa wa Fathi aikin gina musu sabo a fadama, tsakanin dutse da kogi.

Ya shiga aikin da zuciya ɗaya. Bai yarda da jerin ɗakuna iri ɗaya kamar na bariki ba. Ya bi dangi-dangi yana tambayar yawan iyali da sana'ar mai gida da wanda ya ke so ya zama maƙwabcinsa, ya tsara wa kowace zuriya unguwarta da dandalinta. Ya fara da abin da gari ke taruwa a kai: masallaci mai ƙubba, kasuwa, masaukin baƙi inda za a koyar da sana'o'in hannu, makaranta, har da gidan wasan kwaikwayo. Lungunan gari ya yi su ƙunci da lanƙwasa don inuwa. Ya kuma farfaɗo da wata tsohuwar dabara ta gidajen Alkahira da a ke kira malƙaf, watau wata kafa doguwa a kan soro mai fuskantar arewa, inda iska ke fitowa. Iskar ta sauko cikin ɗaki, mai zafin ta tashi ta fita ta sama.

Gari ya yi kyau, masu shi suka ƙi zuwa. Dalilinsu na farko a fili ya ke: abincinsu na kan dutse. Na biyu, a wannan yanki ƙubba a kan kabarin waliyyi aka san ta, mutane da yawa ba su so su kwana ƙarƙashinta da ransu ba. Wata rana aka huda ganuwar da ke tare ambaliyar Nilu, ruwa ya malalo cikin ginin, Fathi kuwa ya tabbata a ransa aikin hannu ne. A Alkahira ma ba a bar shi ya huta ba. Ma'aikatan ofis sun saba da kwangila, da awo, da takardar biya, ba su san inda za su rubuta tubalin da mutum ya buga da hannunsa ba. Kuɗin ma'aikata ya riƙa makara, takarda ta yi watanni a kan tebur. Ko wane malamin ofis ya san yadda aiki ke mutuwa ta wannan hanya ba tare da kowa ya ce a tsai da shi ba. Zuwa 1952 aikin ya mutu, ba a gina ko rabin garin ba.

Masu yabonsa sukan ɗora laifin duka a kan 'yan kwangila da ma'aikata. A ganinmu akwai nasa rabon. Ya tambayi mutanen Gurna irin gidan da su ke so, amma babbar tambayar, ko suna son tashi, an riga an amsa musu ita a Alkahira, ya kuwa karɓi aikin a kan haka.

Cikin 1957 ya bar Masar ya tafi Atina, ya yi shekara biyar yana aiki da Doksiyadis, wani Bagirike gwanin tsara birane. Da ya komo aka ba shi wani sabon gari, Baris, a dausayin Kharja cikin hamada. An gama kasuwa da 'yan gine-gine kaɗan ke nan yaƙin 1967 ya ɓarke, aka watse. Cikin 1969 ya rubuta labarin Gurna a littafi. Da aka sāke buga shi a Amurka cikin 1973, da suna mai ma'anar gini domin talakawa, sai sunansa ya game duniya.

Abin mamaki, daga nan masu neman aikinsa galibi masu hali ne. Ya gina musu gidaje a hanyar Sakkara da Dahshur, inda mutum zai leƙa ta taga ya hango dala. A Jidda, wadda alhazanmu suka sani, ya tsara wa wani attajiri gida cikin 1974 da duwatsun da aka tsinto daga tsofaffin benayen birnin da a ke rushewa a lokacin. Shi kansa cikin 1971 ya gina ɗan gidansa a Sidi Kirer, bakin teku yamma da Iskandariyya. Can bai yi da laka ba, da farin dutsen da ke wurin ya yi, gama ƙa'idarsa ita ce a gina da abin da wuri ya bayar. Ya juya wa titin mota baya, ya buɗe gidan wajen teku, ya sa tsakar gida da ƙubba, ya yi ta ƙari da gyara a kansa shekara da shekaru yana gwada dabaru. A Alkahira kuwa zamansa a saman wani tsohon gida ne na ƙarni na 18, a unguwar Darb al-Labbana, gindin ganuwar Salahuddin. Nan ɗalibai daga ƙasashe da yawa su ke hawa su same shi da la'asar, a sha shayi ana sauraronsa.

Cikin 1980 aka ba shi lambar girma ta Aga Khan, a shekarar kuma ya tafi jihar Niyu Meziko ta Amurka da magina biyu 'yan Nuba, suka gina wa wata jama'ar Musulmi masallaci na tubali a Abikiyu. Ya rasu a Alkahira ran 30 ga Nuwamba 1989.

Sabuwar Gurna ba ta zama kango ba. Sannu a hankali mutane suka shige ta, iyali suka yaɗu. Amma bayan an gama babbar madatsar Aswan cikin 1970 ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso, ga kuma rashin magudanar ruwan gidaje, gishiri ya cinye harsashin gini, bangaye suka tsattsage. Da yawa suka rushe nasu suka tayar da benayen suminti. Tsohuwar Gurna ta kan dutse kuwa sai cikin 2006 Gwamnati ta sa motocin rusau suka fara baje ta, aka kwashe mutanen zuwa wani wuri dabam. Cikin 2010 aka sa sabon garin cikin jerin wuraren tarihi da ke cikin haɗari, daga baya UNESCO da Gwamnatin Masar suka gyara masallacin da masaukin baƙin da gidan wasan, aka buɗe su cikin 2021.