Narambaɗa: Makaɗin Da Bai Bar Gida Ba, Amma Waƙarsa Ta Zaga Duniya

Na san kun saba in kawo muku labarin sababbin waƙoƙin fim da wanda ya saki bidiyo a wannan sati. To yau ku yi mini haƙuri, baya za mu koma, can baya tun kakanninmu na samari. Zan yi magana a kan Ibrahim Narambaɗa Tubali, Allah Ya jiƙansa.

Ni ɗan Kurawa ne, ta ƙasar Sabon Birni. Abin da ya ja ni ga rubutun nan, kwanaki na je shagon tura waƙa in sa wasu a memori, sai wani yaro ya ji na ce a haɗa mini da Narambaɗa, ya tambaye ni wai a wane fim ya yi waƙa. Wallahi dariya na fara yi, daga baya kuma abin ya tsaya mini a rai. Yaron nan namu ne, tsakanin garinsu da inda mutumin ya yi rayuwarsa ba wata tafiya ba ce.

An haifi Narambaɗa wajajen 1890 a Tubali, cikin ƙasar Isa ta wancan lokaci. Sunansa na yanka Ibrahim, mahaifinsa kuma Maidangwale. Mahaifiyarsa mutuniyar Badarawa ce, kuma ta wajenta ne ya gaji kiɗa, don gidansu gidan makaɗan kotso ne. Shi kuwa laƙabin da ya rufe sunan, an ce wata karya gare shi da yake kira Rambaɗa, sai mutane sunka riƙa ce mishi na Rambaɗa, har abin ya bi shi kabari. Kun ji yadda suna ke samuwa.

Bai faɗa fada kai tsaye ba. Da kiɗan noma ya fara, irin wanda ake yi wa samari a gona ranar gayya don a zuga su. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san makaɗin noma ba ya da wurin ɓuya: ko dai kalmarka ta sa ƙato ya duƙa ya ƙara kuyya, ko a watse a bar ka. Ni a ganina can ya koyi yadda ake sa magana ta taɓa zuciyar namiji.

Daga baya ya rungumi kotso, ya zama makaɗin Sarkin Gobir Amadu na Isa, kuma nan ya tabbata har ƙarshen rayuwarsa. Ga wanda bai sani ba, kotso ganga ce mai siririn ƙugu, baki ɗaya aka rufe da fata, ana rataya ta a kafaɗa a buga da hannu, a matse tsirkiya don murya ta sauya. Kayan kiɗan sarauta ne, ba a buga shi ga kowa da kowa.

Abin da nake so mu lura da shi sosai, Narambaɗa ba shi kaɗai yake waƙa ba. Shugaban ƙungiya ne. Akwai masu kiɗa, akwai 'yan amshi, akwai sanƙira mai kirari yana faɗin wanda ake yi wa waƙa da abin da anka bayar. Ku sa kunne da kyau a kowace waƙarsa: zai ɗauko ɗan waƙa ya kai shi rabi, sai yaransa su karɓe su ƙarasa, su zarce da shi har gindin waƙar, kamar bakinsu ɗaya. Wannan ba ya yiwuwa sai an zauna an yi ta bita, kowa ya haddace, kowa ya san inda maigida zai ja numfashi. Babu situdiyo, babu kwamfuta mai gyara murya, babu a yanke a sake. A gaban sarki da jama'a ake yi, in ka kuskure kowa ya ji. Riƙe mutane irin haka shekara da shekaru, ka ciyar da su, ka raba musu abin da anka samu ba a watse ba, shi ma wani gwaninta ne da ba a cika faɗi ba.

Sai kuma ita kanta maganar. Waƙarsa da ta fi shahara ita ce Bakandamiya, wadda ya yi wa ubangidansa, ya kuma yabi kansa da gwanintarsa a ciki. Ku duba ƙarfin waƙar: yau duk mawaƙi ko marubucin da ya yi aikin da ya fi sauran nasa, sai a ce wannan ce bakandamiyarsa. Da yawa masu faɗin kalmar ba su ma san daga bakin wa ta yaɗu ba. Akwai kuma Dokin Iska Ɗan Filinge, waƙar doki sukutum, inda ya siffanta gudunsa har sai ka ji kamar ƙura na tashi gabanka. Ya yi wa wasu sarakuna da manya na Zurmi da Shinkafi da Moriki waƙa, amma gidansa Isa ne.

In ya tashi zambo kuwa, Allah Ya kiyaye. Ba ya kama suna. Zai ɗauko mai neman sarautar ubangidansa ya siffanta shi da wata dabba, ko ya faɗi tafiyarsa da irin rawaninsa, duk fada a gane wa ake nufi, shi kuma ba halin ya kai ƙara. Mawaƙanmu na yanzu masu habaici a TikTok, don Allah ku je ku ɗauki darasi.

Ya rasu a farkon shekarun 1960. Sa'armu ɗaya, an ɗauki muryarsa kafin ya tafi, gidajen rediyo sunka yi ta sa waƙoƙin, daga nan sunka shiga kaset, yau ga su a waya da YouTube. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun yi rubutu a kansa, ana kuma nazarin waƙoƙinsa a jami'o'i. Mutumin da bai bar yankinsa ya koma birni ba, ga shi ana jin sa a Kano, a Maraɗi, a zangon Kumasi.

To amma ga inda damuwata take. Muryar ta tsira, ma'anar ce ke tafiya. Ni da aka haifa cikin wannan harshe, sai in ji baiti uku ban gane biyu ba. Kakana ne ke warware mini: wanga kalma sunan kayan doki ne, wancan wurin gari ne, wannan kuma da wane ake. Ranar da na tsaya tambayarsa, sai da munka kwashe dare kan waƙa guda. Irin waɗannan tsofaffin kullum raguwa suke, wasu sun rasu, wasu rashin tsaro ya tarwatsa su, suna gudun hijira a garuruwan mutane. Yau in an ambaci Isa da Sabon Birni a labarai, kowa ya san abin da zai biyo baya. Yana yi mini ciwo a ce da wannan kaɗai za a san mu, alhali ƙasar nan ce ta fitar da Narambaɗa.

Don haka roƙona ƙarami ne. In kana da tsoho a gida, ka kunna mishi waƙa ɗaya, ka danna rikodin a wayarka, ka bar shi ya yi bayani. Ni na fara, ina da uku. Wanda ya yi nasa ya faɗa mini a ƙasa, mu haɗa.

Allah Ya jiƙan Narambaɗa da yaransa, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.