DOROTHY HODGKIN: MATAR DA TA GANO SIFFAR MAGUNGUNA

An haifi Dorothy Crowfoot a birnin Alƙahira ta ƙasar Masar ran 12 ga Mayu, 1910. Ta yi karatun kimiyyar sinadarai a Jami'ar Oxford ta Ingila, ta ƙaro ilimi a Cambridge, sa'an nan ta koma Oxford a 1934. A 1937 ta auri Thomas Hodgkin, masanin tarihin Afirka wanda ya tattara littafin Nigerian Perspectives.

Aikinta shi ne gano yadda ƙwayoyin zarra suke jeruwa a cikin kiristal, wato ƙwaya mai tsari kamar ta gishiri ko sukari. Akan haska kiristal da hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Hasken yakan watsu ya bar ɗige-ɗige a kan takardar hoto. Amma akwai matsala. Haske igiya ne mai hawa da sauka, takardar kuwa ƙarfin kowace igiya kaɗai take nunawa, ba ta nuna wadda ta riga wata. Kamar mutum ne ya san ƙarfin kowane bugun ganga, amma bai san lokacin da aka buga shi ba, aka ce ya fitar da kiɗan. Dabarar ita ce a fara gano mazaunin ƙwaya ɗaya mai nauyi, daga nan a bi da lissafi har a kai ga sauran.

Da irin wannan haƙuri ta gano siffar maganin fenisilin a 1945, da ta bitamin B12 a 1956, inda ƙwayar kobal ta zame mata jagora. Insulin, maganin masu ciwon sukari, shekara 35 ta yi tana fama da shi kafin ta ci nasara a 1969. Duk wannan kuwa ta yi shi ne da hannuwan da ciwon sanyin ƙashi ya lanƙwasa.

Tana ƙasar Ghana, inda mijinta yake aiki a jami'ar Legon, labari ya iske ta cewa ta sami lambar Nobel ta 1964. Ita ce mace ta uku da ta samu a fannin sinadarai. Ta rasu ran 29 ga Yuli, 1994.

'Yan'uwa ɗalibai, musamman 'yan mata masu tsoron lissafi, ku tuna da shekaru 35 ɗin nan. Mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa.