Cecil Hepworth: Mutumin da Aka Narkar da Finafinansa Don Azurfa

Kalmar majigi da muka taso muna ji a gida ta samo asali ne daga sunan wata fitila da Turawa ke haska hotuna da ita a jikin farin ƙyalle tun kafin zuwan sinima. To, sana'ar mahaifin Cecil Hepworth ke nan, ya yi lacca yana haska hotuna. A wannan gida aka haifi Cecil a Lambeth da ke Landan, ranar 19 ga Maris 1874, ya tashi yana taya uban aiki.

Da hoto mai motsi ya shigo Ingila, sai ya tsunduma ciki. Ya yi aiki da Birt Acres, sannan da Charles Urban. A 1897, yana ɗan shekara 23 kacal, ya rubuta littafin da ake ɗauka shi ne na farko a Birtaniya kan harkar fim. A 1899 ya kama hayar gida a Walton-on-Thames, ya mai da shi wurin shirya finafinai.

Finafinan wancan zamani ba su da murya, kuma da yawansu ba su wuce minti ɗaya ko biyu ba. Tunda babu talabijin, duk wani babban al'amari sai an ɗauko shi a kyamara a kai wa jama'a zauren kallo. Haka Hepworth ya ɗauki jana'izar Sarauniya Victoria a 1901, aka yi ta rububin sayen fim ɗin, kamfaninsa ya tsaya da ƙafafunsa. A 1903 shi da Percy Stow suka fara mai da labarin Alice in Wonderland fim.

Amma wanda ya fi fito da sunansa shi ne Rescued by Rover na 1905. Labarin kare ne da ya bi sawun jaririyar da aka sace har ya kai ubanta inda take. Kusan 'yan gida ne suka yi wasan: shi ne uban, matarsa ce uwar, 'yarsu ce jaririyar, karen ma nasu ne, Blair. Abin da ya burge mutane shi ne yadda aka jera hotunan, kana bin karen daga taga zuwa titi zuwa kogi ba tare da ka ɓace ba. Kuɗin da aka kashe bai kai fam 8 ba, amma an sayar da kofi wajen 400. Asalin zaren fim ɗin da ake buga kofi daga jikinsa ya sha aiki har ya lalace, dole aka sake ɗaukar fim ɗin har sau biyu.

Sai dai duniya rawar 'yan mata ce. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya finafinan Amurka suka mamaye kasuwa, shi kuwa ya tsaya kan salonsa na dā mai tafiyar hawainiya. Babban fim ɗinsa na 1923 bai yi kasuwa ba, bashi ya yi masa katutu, a 1924 kamfanin ya durƙushe. Wanda aka ɗora wa alhakin sayar da kadarorin ya sayar da asalin zaren finafinan, aka narkar da su don a cire 'yar azurfar da ke jikinsu. Aikin shekara 25 ya tafi ke nan, kuma shi ya sa yawancin finafinansa babu su a yau.

Hepworth ya ƙarasa rayuwarsa yana haɗa gajerun tallace-tallacen finafinan wasu. Ya fitar da tarihin rayuwarsa a 1951, ya mutu a Greenford ranar 9 ga Fabrairu 1953.

Ɗan abin da ya tsira, daga kofin da suka saura a hannun mutane ne. Wani fim ɗinsa na 1920 ma, Helen of Four Gates, a wani rumbun adana finafinai na Kanada aka tsinto shi bayan an daɗe da fid da rai. Rescued by Rover kuwa yana nan a intanet, bai kai minti 10 ba. 'Yan uwa ɗalibai, in kun samu sarari tsakanin lacca da lacca, ku leƙa ku gani.