John Goodricke: Kurman Da Ya Gano Sirrin Tauraron Algol

A wannan makon mun kawo muku tarihin wani saurayi mai suna John Goodricke. Kurma ne, kuma bai yi tsawon rai ba, amma har yau ana ambatonsa a ilimin taurari.

An haife shi a shekarar 1764 a garin Groningen na ƙasar Holan. Mahaifinsa ɗan Ingila ne. Tun yana ƙarami ya yi rashin lafiya mai tsanani, ya kurumce. Iyayensa ba su ajiye shi a gida ba. Yana ɗan shekara 8 suka kai shi makarantar kurame a Edinburgh, daga nan ya wuce wata makaranta a Warrington, inda ya ƙware a lissafi. Da ya gama sai ya koma wajen iyayensa a birnin York na Ingila. A can ya yi abota da maƙwabcinsu Edward Pigott, wanda ya koya masa nazarin sararin sama.

Akwai wani tauraro da ake kira Algol. Sunan daga Larabci yake, wato Ra'asul Gul, ma'ana kan dodo. A daren 12 ga Nuwamba, 1782, John ya ga hasken tauraron ya dushe sosai, alhali kwanakin baya yana haske ƙal. Tun 1667 wani masani ɗan Italiya ya taɓa lura da haka, amma ba a san dalili ba. John ya riƙa fitowa duk daren da sama ta washe, cikin sanyin hunturu, yana kwatanta hasken Algol da na taurarin da ke kusa da shi, yana duba agogo, yana rubutawa. Bayan watanni ya gano cewa dushewar tana dawowa duk bayan kwana 2 da awa kusan 21, ba ta saɓawa.

Sai ya yi tunani: watakila akwai wani babban abu da ke zagaye tauraron, yana tare haskensa idan ya gifta ta gabansa. Mu da ke Challawa mun san irin wannan. Idan kana hangen fitilar ƙofar masana'anta da daddare, tirela ta gifta, sai hasken ya ragu, in ta wuce ya dawo. A 1783 ya aika bayaninsa ga ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society da ke Landan, suka ba shi lambar yabo ta Copley, bai ma kai shekara 20 ba.

A watan Afrilu na 1786 aka zaɓe shi ɗan ƙungiyar. A cikin watan nan ya rasu yana da shekara 21. Bai ga tabbacin maganarsa ba. Sai a 1889 wani Bajamushe, Hermann Vogel, ya tabbatar cewa Algol tagwayen taurari ne masu zagaye juna.

Ga abin da aka sani yanzu. Ɗayan tauraron fari ne mai tsananin zafi, nauyinsa ya ninka na rana fiye da sau 3. Ɗayan kuma ya ɗan fi shi faɗi, amma bai kai rana nauyi ba, haskensa kuma kaɗan ne. Tsakaninsu kilomita kamar miliyan 9 ne, alhali daga duniya zuwa rana miliyan 150 ne. Idan mai ƙarancin hasken ya shiga gaban ɗan'uwansa, hasken da muke gani yakan koma kamar kashi ɗaya cikin uku, kuma raguwar da dawowar suna cin awa 10. Hasken nan yana yin shekara kusan 90 a hanya kafin ya iso idonmu.

Abin da ya sa muka zaɓi tarihin nan shi ne, a unguwanninmu akwai yara kurame, kuma wasunmu suna tsokanarsu a hanya. Wasu ma ba a sa su makaranta ba, duk da akwai makarantar masu buƙata ta musamman a Tudun Maliki, nan cikin Kano. Da iyayen John sun bar shi a gida, da ba mu rubuta wannan ba. Duk mai ƙane ko maƙwabci kurma, ya taimaka ya gaya wa iyayensa labarin makarantar nan.

Mai son ganin Algol da idonsa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan isha'i, ranar da hazo ya yi sauƙi kuma aka ɗauke wuta, ya nemo Kaza da 'Ya'yanta, sannan ya duba arewa da ita. Mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida mun sayi littafin rubutu don wannan aikin. Wanda ya riga mu ganin dushewar, ya kawo mana ranar da lokacin, mu manna a nan.